Ekografin Zuciya

A ɗakin jiran wani asibitin Duwala, ranar da yajin aiki ya hana motoci fita, wata mai juna biyu ta matsa wa Bara'atu wuri.

"Mama, ke ma hoton ekografi za a yi miki?"

"Na zuciya, 'yata. Hasken da aka gasa min ƙirji da shi ya kashe ciwon dajin, amma likita na tsoron ya taɓa zuciyar. Daga unguwar New Bell na tako, ina haki."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Da gaske ana ganin motsi a allon na'urar?"

"Har bugun za ki ji."

Bara'atu ta lumshe ido, tana murmushi.

"Ban taɓa ɗaukar ciki ba. Ashe ni ma yau za a nuna min abu mai rai a jikina."