Allurar karen maigida ta riƙe mini hutu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaida ka da duk masu sauraro. Ni direba ne a nan Doha, kuma a gajiye nake rubuto maka.

Kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, yana da karen tsere, mai fasfo da likitansa. Wata huɗu da suka wuce ya ce zai kai shi gasa Turai, in sun dawo daga gasar ni kuma in tafi hutu gida. Shekara biyu ke nan rabona da iyalina. Ya ce, "Yalla, kai shi allurar ciwon haukan kare." Na dubi karen, na ga ya fi ni natsuwa. Mu kuma a garinmu, wanda kare ya ciza ake yi wa allura, ba karen ba. Sai na yi ta ɗaga zancen har saura mako guda.

Jiya na kai shi. Likita ya duba takardun, ya ce, "Sai yanzu? Bayan allura ana jira, a gwada jini, a sake jira. Wannan gasar kam, khalas, ta wuce ku."

Na ce, "Likita, lafiyarsa lau fa."

Ya ce, "Masu tsaron iyaka takarda suke karantawa, ba fuskar kare ba."

Duk karance-karancena, wannan darasin a asibitin dabbobi na same shi. Maigida bai sani ba tukuna, yau ma sabuwar igiyar wuya ya saya masa.

Jama'a, ku ba ni shawara: yaya zan gaya masa ba tare da ya soke mini hutun ba? Ina gaida abokaina na unguwar Sanaiya. In kun gama dariya, ku kira ni.