Kaka Ta Ce Mu Biyu Ne

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku. Sunana Rifkatu. Kun saba ganina cikin mawaƙa, amma ba ku san abin da ya yi ta bin bayana ba.

Ɗinki nake yi a unguwar Koki, gidan Hajiya Falmata mai ɗinka kayan amare. Tsohon gida ne mai zauruka a jere, ko da rana tsaka sai ka lalubi bango kafin ka fita tsakar gida. Mahaifiyar Hajiya, wadda muke kira Kaka, ba ta gani. Kullum tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta.

Ni ke auna amare. Wata rana wata amarya ta dube ni tana dariya, ta ce ni kam tef ba zai zagaye ƙuguna ba. Na taya ta dariya. Washegari na daina karyawa, in an tambaya in ce azumi nake. Da sunan Allah na fake, ya gafarta mini.

Bayan azahar Hajiya takan tafi sayen yadi, gidan ya yi tsit. Lokacin abin yake zuwa. Sai in ji kamar wani ya tsaya a bayana, numfashinsa a ƙeyata. Kafin in ankara ina madafa. Tuwon jiya, ƙanzo, burodi, har sukari da cokali, a tsaye nake turawa, ba na jin ɗanɗano. Kamar hannun wata nake kallo. Daga nan sai bayi, in sa yatsa in amayar da komai, in wanke fuska, in koma kan keken ɗinki.

Haƙorana suka fara tsami, zuciyata ta riƙa bugawa barkatai, al'adata ta rikice. Ban gaya wa kowa ba.

Ran nan na fito daga bayi, Kaka ta ɗago kai, fararen idanunta a kaina. Ta ce, "Rifkatu, wace ce take zuwa tare da ke?"

Na ce ni kaɗai ce, Kaka.

"A'a, ku biyu ne. Ke kina gaishe ni. Ita ba ta gaisuwa, takunta da sauri, madafa take wucewa. Sannan in ji tana kuka a bayi."

Na yarda wani mugun ruhu ne ya shige ni. Na ƙara azumi don in kore shi, abin ya ƙara ƙarfi.

Har ranar da na ga jini a cikin aman. Na leƙa ruwan bokiti, fuskar da ta dube ni kumatu a kumbure, ido jawur, ban gane ta ba. A nan na durƙusa, a ƙasan bayin mutane. Na ce, Yesu, ban iya ba, in ba ka fitar da ni ba mutuwa zan yi. Ban ji murya ba, 'yan'uwa. Amma na ji bakina ya kwance. Na fita na zauna gaban Kaka na faɗa mata komai, ta riƙe hannuna har Hajiya ta dawo.

Hajiya da kanta ta kai ni asibiti. Ma'aikaciyar da ta gan ni ta ce ba aljani ba ne, ciwo ne, sunansa bulimiya, kuma 'yan mata da yawa na fama da shi a ɓoye. Bayan an duba jinina, ta ba ni littafi mai darussa. Ta ce ni zan yi aikin da kaina, ita za ta riƙa kirana muna duba inda na kai.

Darasin farko ya fi jinin da na gani a aman ba ni tsoro: in ci safe, rana da yamma, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Ta ce yunwar da nake tara wa kaina ce take jan ni madafa. Na koyi rubuta abin da na ci da abin da nake ji. Na koyi cewa in abin ya tsaya a bayana, na ƙi juyawa, na yi addu'a, na nemi mutum na zauna kusa da shi, yakan gaji ya tafi. Na faɗi ba sau ɗaya ba. Nakan kira ma'aikaciyar da kuka, ta ce in ci abincin gaba a kan lokacinsa kawai.

Yau wata da watanni ban sa yatsa a bakina ba. Ku yabi Ubangiji!

Na gode wa Allah da ya amsa mini ta bakin makauniya da hannun ma'aikaciyar asibiti. 'Yar'uwa, in kina cikin irin wannan, ki dogara gare shi, ki buɗe baki, ki je asibiti. Iyaye, ku lura da azumin 'ya'yanku.

An ce zumuntar mata sun dafa shinkafa yau. A zuba mini a faranti, zan ci a tsakiyarku, kuma in na gama ba inda zan tashi in je. Amin.