Takardar Ƙin Mita

BALARABA: Salamu alaikum. Lado? Kana ji na?

LADO: Wa alaikumus salam. A'a, Yaya ce! Ina wuni, Yaya?

BALARABA: Lafiya lau. Ya aiki?

LADO: Alhamdu lillahi. Ya gida, ya yara? Ya Malam Sale da ƙafar tasa?

BALARABA: Da sauƙi, har masallaci yake takawa yanzu. Ya Juwairiyya da nauyin jiki?

LADO: Tana nan tana fama, watan nan muke sa rai. An dawo lafiya daga Kiru? Ya mai jego?

BALARABA: Lafiyarta ƙalau, an yi suna an watse. Kana ina nake jin iska fuu?

LADO: A kan mashin nake, mun baro Tudun Wada za mu Doguwa.

BALARABA: Za ku ina?

LADO: Doguwa! Wani ɗan aiki ne.

BALARABA: To ka ce ya tsaya. Sauka, magana zan yi da kai.

LADO: Lafiya dai ko? Malam, ɗan dakata a nan. To, Yaya, na sauka.

BALARABA: Kwana uku kacal na yi ba na nan. Ɗazu na sauka a tashar Bebeji, na shigo unguwa, sai na ga wasu fararen akwatuna a saman falwaya, layi guda reras. Na ga maƙwabciyata Hasana a ƙofar gida na gaishe ta, ta kalle ni ta shige ta ja labule. Hasana fa, da muke cin tuwo a kwano ɗaya. Mene ne a saman falwayar nan, Lado?

LADO: Ai... mitar wuta ce.

BALARABA: Wace mitar?

LADO: Sabuwar nan, mai kati. Wadda suke gani daga ofis.

BALARABA: Wadda muka ce ba ma so? Wadda suke kashe wa mutum wuta suna zaune a kujera, kifinsa na cikin firiza?

LADO: Ita ce.

BALARABA: Innalillahi. To takardar fa? Takardar da na zaga da ita gida arba'in da ɗaya, cewa ba mu yarda ba. Ba ka kai ofishin 'yan wuta ba ne?

LADO: Na kai mana.

BALARABA: Ka kai, suka karanta, suka zo suka sa? Amma mutanen nan ba su da tsoron Allah. Kai da bakinka ka ce min in unguwa ta haɗa kai ta rubuta, ba mai ikon sa mata. Ko ba haka ka ce ba?

LADO: Haka na ce.

BALARABA: To sun cuce ka, sun cuce mu. Gobe sai mu je ofishin tare, ni da kai da... Tsaya. Wai ma ta yaya suka san wace waya ce ta wane gida? Wayoyin nan da suka cukurkuɗe kamar taliya, duk unguwar nan in ba kai da ka ja su ba wa ya san kansu?

LADO: Yaya, muryarki na yankewa.

BALARABA: Tawa garau take. Nafisa ta tare ni a hanya ta ce ta gan ka a saman tsani jiya, da rigar 'yan wuta mai ɗaukar ido. Na ce mata ƙarya take, ƙanina ba ya cikinsu. Har zaginta na kusa yi. Ƙarya take ko?

LADO: Bari in yi miki bayani.

BALARABA: Ƙarya take ko ba ƙarya take ba?

LADO: Ni ne.

BALARABA: Kai ne.

LADO: Yaya, ki saurare ni don Allah. Ɗan kwangilar da aka ba aikin ne ya ce duk wanda ya kawo masa gida arba'in, da lambar takardar wutarsu da dangwalen yatsa, zai ɗauke shi aiki. Na bi mazan unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba zai ba ni ba. Takardun kuma kin sani a wurin mata suke, a ƙarƙashin katifa. Ni ba na shiga gidan mutane.

BALARABA: Ni ina shiga.

LADO: Ba haka nake nufi ba...

BALARABA: Haka kake nufi. Ni ce mai shiga har uwar ɗaka ba a ce min tsaya. To wasiƙar da ke sama fa? Wadda Malam Sale ya karanta min, mu mutanen unguwa kaza ba mu amince ba?

LADO: Na cire ta. Na sa tasu a sama.

BALARABA: Tasu me ta ce?

LADO: Cewa waɗannan gidajen sun nema a sa musu.

BALARABA: Sun nema! Lado, sun nema? Kwana huɗu ina yawo da tawada a leda, rana na dukana, ina kama yatsun mata ina dangwalawa. Ina ce musu ku kwantar da hankalinku, ƙanina ne zai kai, shi ya san kan abin.

LADO: Wallahi ko da takarda ko babu sai an sa. Oga ya ce ba wanda zai iya ƙi. Wanda ya ƙi, a sauke masa waya gaba ɗaya.

BALARABA: In dole ne, me ya sa suke neman yatsanmu?

LADO: Wannan... tsari ne kawai na ofis.

BALARABA: Ban ji ba.

LADO: Na ce tsarinsu ne! Kuma Yaya, mitar nan fa ba sharri ba ce. Abin da kika sha shi za ki biya. Ba ku ne kullum kuke kuka ana kawo muku takardar kuɗin wuta ko wata guda aka yi ba wuta ba?

BALARABA: To da ka zo ka faɗa mana haka mana! Ka tsaya a zaure, in tara maka mata a bayan labule, ka ce ga amfaninta ga illarta. Mai so ta ce tana so. Wataƙila ma ni ce zan fara cewa a sa min. Amma ka mai da mu tumaki, ni kuma ka sa ni a gaba da dusa.

LADO: Da ba za su yarda ba.

BALARABA: Shi ya sa ka yardar musu. Ka san Iya Kulsumu sai da na je sau uku? Ta ce tun takardar da tsohonta ya dangwala kafin ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinsu, ta rantse yatsanta ba zai taɓa tawada ba, ko zaɓe ba ta zuwa. Na durƙusa a gabanta na ce Iya, wannan ta ƙi ce, ba ta yarda ba. Ta miƙo min hannu ta kau da kai, ta ce don ke ce, Balaraba.

LADO: Zan je in ba ta haƙuri.

BALARABA: Ta ina? Ai ba ka shiga gida.

LADO: Yaya, Juwairiyya ta kusa haihuwa, shekara biyu ba ni da tsayayyen aiki. Ke ma kin sani.

BALARABA: Na sani. Ni na goya ka, Lado, babu abinka da ban sani ba. Wannan ne kawai ban sani ba. Yanzu mazan suna can suna tuhumar matansu, wa ya ce ki ba da takardata ban sani ba. Kowace za ta ce Balaraba.

LADO: Amma ai ke ban bari ya taɓa ki ba.

BALARABA: Kamar yaya?

LADO: Gidanki ba a sa ba. Na soke sunanki kafin in miƙa, arba'in ɗin sun cika ba da ke ba. Saboda firizarki da ƙanƙarar da kike sayarwa. Na ce ko ba komai Yayata...

BALARABA: Me ka ce?

LADO: Na ce na soke...

BALARABA: Tsaya. Tsaya in leƙa. Falwayar ƙofarmu gida huɗu ne a kanta. Ɗaya, biyu... uku. Akwati uku. La ilaha illallahu. Lado, ka kashe ni.

LADO: Taimakonki fa na yi!

BALARABA: Gida arba'in an sa musu, sai gidan wadda ta zaga da takarda ne aka tsallake? Kai in kai ne me za ka ce? Shi ya sa Hasana ta ja labule. Ashe ba wawiya suke kallona ba, cewa suke da ni aka haɗa baki.

LADO: Wallahi ban yi wannan tunanin ba.

BALARABA: Juyo da mashin ɗin nan. Ka zo yanzu ka sa min tawa, da rana tsaka, kowa na gani. Ka sa min biyu ma in kana so.

LADO: Ba zai yiwu ba, Yaya. An rufe unguwarku a kwamfuta, waɗanda suka rage na Doguwa ne, kowace da sunan mai ita. Sai zagaye na biyu.

BALARABA: Yaushe ke nan?

LADO: Wataƙila bayan damina.

BALARABA: Bayan damina! In zauna a cikinsu har bayan damina, ni kaɗai... Ka ji? Ka ji sallama? Ga su nan sun cika zaure. Hasana ce a gaba, har da Iya Kulsumu an riƙo mata hannu. Me zan ce musu?

LADO: Ki ce ba ki sani ba. Ai gaskiya ce.

BALARABA: Gaskiya ce, wa zai karɓa daga bakina? Daga naka za su ji. Wa alaikumus salam, ku shigo. Ku shigo, Iya, ga tabarma. Kada kowa ta ce komai tukuna, ga Lado a waya, na buɗe murya. Shi zai gaya muku yadda aka yi. Lado, faɗa musu abin da ka faɗa min, suna ji.

LADO: Yaya...

BALARABA: Suna ji, Lado. Yi magana. Lado? Lado!