Sunan Ɗan Fari

Ranar da aka aiko daga kwaleji cewa ɗansa ya daina magana, Halliru ya zauna a tashar Gumel yana jiran motar Kano. Wata tsohuwa ta dubi ƙunshinsa.

"Malam, ƙuli-ƙulin nan na wane ne?"

"Na yaron nan. Yana kwalejin horon malamai. Tun rasuwar uwarsa ba ya kula kowa."

"Allah ya jiƙanta. Da wa yake hira a gida?"

"Da ita. Takan faki idon mutane."

"Kai fa?"

"Ɗan fari ne, Iya. Akwai kunya."

"Yaya sunansa?"

"Ban taɓa faɗa ba."

"Ikon Allah. To, in ka isa ƙofar makaranta, ga yara fal, wa za ka ce a kira maka?"

Halliru ya tuna mota, ya tuna tsaraba, amma wannan bai zo masa ba. Ya buɗe baki zai gwada sunan a gabanta, tunda baƙuwa ce, sai ɗan kamasho ya kira masu zuwa Maigatari. Ta ɗauki kayanta ta tafi, ta bar shi da sunan Mu'azu a maƙogwaro.