Almakashin Célestin

Mai girma Magajin Gari, Fada Rouvier, Madam Léonie da 'ya'yanki, jama'ar Montbrisac, ina gaishe ku. Ku yi haƙuri in kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya. Tun safe wani abu ke sukata a aljihu.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da 'yan fim suka zo daga Paris ɗaukar wasan barkwanci na zamanin sarakuna, suka ɗebi rabin garin nan suka ƙaƙaba mana gashin kanti mai ƙaiƙayi. Ni da marigayi Célestin aka ba mu ɗaukar wani ƙaton basarake a kujera. Ƙararrawar coci na buga sha biyu, Célestin ya saki nasa gefen wai lokacin abinci ya yi. Basarake sai cikin rafi! Darakta ya yi dariya har da hawaye, ya bar faɗuwar a cikin fim ɗin.

Ya kasance mai kula da majigin garinmu. Ya kasance mai nuna mana fim ɗin nan duk ranar bikin gari, ko muna so ko ba mu so. Ya kasance mai taurin kai, Léonie, kin fi ni sani. Amma duk wanda ya rasu cikinmu, Célestin zai ɗauki almakashi ya yanko wurin da fuskar mamacin ta fito a zaren fim ɗin, ya sa a ambulan, ya kai wa iyalinsa da ƙafarsa. Na sha yi masa faɗa cewa yana ɓata fim. Ya ce mini, “Tsohon banza, gida nake mayar da su.” Fim ɗin awa ɗaya da rabi yanzu bai kai minti ashirin ba.

Jiya Léonie ta ba ni almakashinsa, ta ce in yanko mata mijinta. Na warware fim ɗin, na ɗaga shi a hasken taga, na duba gaba, na duba baya. Wallahi babu inda ya fito shi kaɗai. Yana gaban kujera, ina bayanta.

Léonie, na kasa. In na yanke shi na yanke kaina, kuma tsoro nake ji. Ga almakashin, ki ajiye. Ki ɗan jira ni, ba zan daɗe ba, sai jikokinki su yanke mu tare.

Na gode muku. Allah ya ji ƙansa, ya ba shi hutu, ya ba mu haƙurin abin da ya rage.