Akuyar Rabi a Gidan Idi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaida masu saurare. Sunana Sani, daga wani ƙauye kusa da Yekuwa.

Ranar sunan ɗiyata Rabi, kakanta ya ba ta 'yar akuya, kamar yadda muka saba. Yanzu shekararta shida, akuyar kuma tana shayarwa. Shekaranjiya na dawo daga gona na tarar da turke babu akuya, babu ɗanta. Na yi ihun ɓarawo, maƙwabta suka fito da sanduna. Muka bi sawu har gidan Idi mai amalanke, wanda matarsa ta rasu ta bar jinjiri. Saura kaɗan mu rufe bawan Allah da duka, sai ga Rabi riƙe da igiya.

Ta ce, "Baba, ni na kawo ta. Jinjirin kuka yake, ba shi da nono. Ba kai kake cewa akuyar tawa ce ba?"

Sanda ta suɓuce daga hannuna. Jama'a, wai ni na haifi wannan yarinya! Ku ba ni shawara, da me zan saka mata? Akuya dai tana can, ba ni da bakin karɓo ta.