Yadda Ƙyanda Ta Tsallake Ishaya

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ni ce Saratu, matar Bulus kafinta. Daga unguwarmu Treichville na ƙetaro gada zuwa majami'arku ta unguwar Adjamé yau, don bakina ya ƙi yin shiru.

Bara, ina da tsohon cikin ɗana Ishaya, ƙyanda ta kwantar da ni. Da girmana, wai ƙyanda! Jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ido ya ƙi buɗuwa. Na yi fushi da Allah ƙwarai. Na ce ciki biyu sun zube, na ukun ma sai an haɗa mini da ciwon yara?

Na tashi, na haihu lafiya. Ishaya bai rufa wata biyu ba ƙyanda ta shigo gidan hayarmu. Ta kama Sani, ɗan maƙwabciyata Rabi matar mahauci, yaron da ya fara rarrafe. Rabi kuma zazzaɓi ya buge ta, nono ya ɗauke. Sani ya ƙi koko, kukan ma ya daina fita. Duk gidan ni kaɗai ke shayarwa.

Kakar yaron ta zo ƙofata ta tsuguna, ta ce, "Maman Ishaya, ba zan tilasta miki ki shayar da shi ba. Amma yaron nan tafiya zai yi."

Na ce, "Inna, nawa ɗan fa? In ya ɗauka?"

Na shiga ɗaki, na durƙusa. Na ce, "Ya Ubangiji, shi kaɗai Ka bar mini. Ga shi a hannunka." Na fito na karɓi Sani, jikinsa kamar garwashi, na sa shi a nono. Ishaya a dama, Sani a hagu. Kullum da safe sai na tuɓe ɗana ina duba bayan kunnensa ko ƙurji ya fito.

Ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba. Sani kuma ya warke.

Da na kai Ishaya asibiti, ungozoma ta ce ciwon da na yi da ciki ne ya bar masa kariya a jini, wadda za ta riƙe shi 'yan watanni. Nan na zauna a kan benci na yi ta kuka, don kunya da murna.

Jiya Rabi ta miƙo mini Sani, ta ce, "Ungo ɗanki, Yaya. Nono ɗaya suka sha da Ishaya."

Na gode wa Yesu. Duk wanda ke kwance cikin ciwon da bai gane dalilinsa ba, kada ya saki hannun Ubangiji. Amin.